Ƙafar Hagun Hajiya Atika

Allah ya jiƙan Ya'u direba. Bai bar gida ba, bai bar gona ba, amma ya bar suna guda ɗaya, kuma yana ji da sunan nan fiye da yadda masu gidan bene ke ji da benensu. Shekara goma sha biyu ya yi yana jan tirela daga Dakata zuwa kudu. Ya sauko Hawan Kibo da lodin fatu sau ba adadi, ko sau ɗaya birkinsa bai taɓa yin hayaƙi ba. Daga nan ya koma tuƙa Hajiya Atika a Sharada, shekara ashirin, kuma duk bakaniken da ya buɗe tayar motar da Ya'u ke ja sai ya mayar ya rufe, don babu abin da zai ci a wurin. Matarsa Uwani ta ji labarin Hawan Kibo har ta haddace. Idan ya faro shi a bakin tabarma, ita take ƙarasa masa, shi kuma ya ce ta ɓata wurin kwanar.

Hajiya Atika tela ce. Da keken ɗinki na ƙafa ta fara, a zauren gidan mijinta, tun Sharada tana da gonakin dawa. Yanzu tana da kamfani mai teloli arba'in, suna ɗinka kayan 'yan makaranta da rigunan aikin ma'aikatan Challawa da Bompai. Kekunan kamfanin duk na lantarki ne, amma tsohon baƙin kekenta yana nan a ofishinta. Duk ranar da ranta ya ɓaci sai ta cire takalmi ta hau shi, ana jin ƙararsa daga waje, kowa ya san yau ba ranar neman hutu ba ce.

Ɗanta ɗaya namiji, Muhyiddeen. Ya'u ne ya riƙa kai shi firamare, shi ya share masa majina, shi kuma ya fara ɗora masa hannu a kan sitiyari. Wannan yaron ne ya girma ya zama manajan kamfani, wata rana ya shigo da wata jar mota 'yar Jamus, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana jan ƙasa. Idan aka tayar da ita, tantabarun da ke kan rufin kamfanin sai su tashi gaba ɗaya. Teloli suka fito kallo. Hajiya ma ta fito, ta zagaya motar sau ɗaya, hannunta a baya.

"Muhyiddeen, ina sauran motar?"

"Umma, ai ke nan gaba ɗayanta."

"Wannan ai takalmi ne aka sa wa taya. Ina mutum zai sa buhun shinkafa? Ku shaida, duk ku shaida, ƙafata ba za ta taɓa shiga cikin abin nan ba."

Teloli arba'in suka shaida, har da maigadi da mai shara.

Motar ba ta fi wata biyu ba tafiya ta kama Muhyiddeen zuwa ƙasar Sin, sayen sababbin kekuna, sati bakwai. Ya kira Ya'u ya damƙa masa makulli.

"Baba Ya'u, duk ranar Lahadi ka tayar da ita, ka ɗan zagaya da ita don kada batir ya kwanta. Ban yarda kowa ya taɓa ta ba. Kai kaɗai na yarda da ƙafarka."

Ya'u ya sa makullin a aljihun gaba, ya tafi gida yana tafe kamar an ba shi sarauta.

Ranar Asabar da yamma Hajiya ta kira shi ofis. Ta leƙa waje, ta tura ƙofa.

"Malam Ya'u, gobe in ka fito da takalmin nan, ka same ni a bayan tsohon kamfanin robobi da aka rufe. Ƙarfe bakwai."

"Lafiya dai, Hajiya?"

"An ce ba ta da kuloci."

"Ba ta da shi. Ita take sa wa kanta giya."

"To shi ke nan. Ka zo."

Safiyar Lahadi a Sharada titi kamar an share shi. Kamfanoni a rufe, babu tirela, babu 'yan adaidaita, sai awaki. Ya'u ya same ta tsaye a gindin bango, ta ja mayafi har kan hanci, kamar mai jiran kayan sata. Ya buɗe mata ɓangaren fasinja, ta ce a'a, ɗaya ɓangaren.

"Hajiya, ai kun ce ƙafarku..."

"Na san abin da na ce. Ni na faɗa, ba kai ba. Fito."

Da ta zauna, kafin ta taɓa komai, sai ta yi masa bayani, idonta a kan titi. Tun da mijinta Alhaji ya rasu take jira. Tana jiran Ya'u ya gama salla, tana jiran Muhyiddeen ya gama waya. Mace mai teloli arba'in, amma in za ta gidan yayarta Hajjo a Challawa sai wani ya kai ta kamar ƙunshin kaya. Ta taɓa gwadawa sau ɗaya a zamanin Alhaji, da tsohuwar motarsa mai kuloci, ta fasa randar ruwan alwala ta ƙofar gida, Alhaji ya shekara yana ba baƙi labari.

"Ina so kafin in mutu in kai kaina gidan Yaya Hajjo. Amma Malam Ya'u, amana na ba ka. Ko Uwani kada ta ji. In yaran kamfani suka ji na shiga motar nan, na gama magana a gabansu."

"Na karɓa, Hajiya."

Ta cire takalmanta ta miƙa masa, ta yi bisimilla, ta leƙa ƙasa.

"Feda nawa ce?"

"Biyu. Ta dama totur, ta hagu birki. Amma da ƙafar dama kaɗai ake taka su duka. Ta hagu sai ku ajiye ta can gefe ta huta."

"Feda biyu, ƙafa biyu, Allah ya riga ya daidaita abu, kai kuma ka ce ɗaya ta huta? Me ta yi da za ta huta?"

"Haka ake yi, Hajiya."

"To."

Ta ajiye ta a gefe. Motar ta motsa. Ba su wuce falwaya biyu ba Ya'u ya ji injin yana kuka kamar ana yanka shi, motar kuma tana tafiya kamar tsohuwar tunkiya. Ya duba ƙasa. Ƙafar hagu ta dawo, ta kwanta a kan birki, yatsu sun kama fedar. Dama tana dannawa, hagu tana amsawa, dama gaba, hagu baya, sak yadda ake taka keken ɗinki.

"Hajiya, ƙafar."

"Wace ƙafa?"

"Ta hagun. Tana kan birki."

"Kai! Yaushe ta je?"

Ta janye ta. Motar da ta ji an sake ta sai ta yi tsalle kamar an tsikari doki, ta nufi wani bunsuru. Ya'u ya manta da girmamawa gaba ɗaya.

"Taka birki! Ki taka! Ki taka!"

Ta taka da ƙafa biyu. Goshin Ya'u ya gaisa da gilashi, hularsa ta faɗa ƙarƙashin kujera. Bunsurun ko motsi bai yi ba.

"Ka gani ko?" in ji Hajiya. "Da ƙafar tana wurin, da haka ba ta faru ba. Motar nan ba ta da kunya, sai an riƙe ta. Ai ko yadi ne, hannu ɗaya yana turawa, ɗaya yana riƙewa. In ka sake shi sai ɗinki ya karkace."

Lahadi bakwai suka yi. Babu dabarar da Ya'u bai gwada ba. Ya ce ta sa takalmi a ƙafar hagu don ta ji nauyinsa, ta ce ba ta iya aiki da takalmi. Ya ce ta naɗe ƙafar ta zauna a kanta, ta yi, jijiyarta ta ɗaure, suka yi rabin awa a gefen titi tana salati. Ya kawo bulo ya ajiye don ƙafar ta sami wurin zama, ƙafar ta tsallake bulon. Hajiya ba da gangan take yi ba. Shekara arba'in ƙafafun nan suna aiki tare, ba a taɓa aiken ɗaya an bar ɗaya ba.

Sai dai ta iya sitiyari. Wannan kam Ya'u bai taɓa ganin irinsa ba. Takan bi gefen kwalta santar kamar tana bin kalmasa, ta zagaye rami kamar tana fitar da wuyan riga. A Lahadi ta biyar har ta fara gudu, ta miƙe dogon titin nan da ya nufi Challawa, totur a ƙasa, birki a ƙasa, fitilun baya jajur tun daga farko har ƙarshe. In sun tsaya, wani wari yakan taso daga tayoyi, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Ya'u yakan fita ya kai hannu kusa da taya, ya ji zafi yana dukan tafinsa, ya ɗauke kai. Shi da ya sauko Hawan Kibo.

"Wannan ƙaurin fa?" in ji Hajiya.

"Kamfanin fata ne, Hajiya. Iska ce ta juyo."

Ya faɗi haka ne don ya ga yadda take murmushi, fuskarta kamar ta yarinyar da aka saya wa sabon ɗankunne. Bai iya ɓata mata ba.

Muhyiddeen ya dawo ranar Talata. Ranar Laraba ya hau titin Zariya don ya ji daɗin motarsa. Ya taɓa birki, sitiyari ya kama rawa a hannunsa, tayoyi suka yi wani ƙugi da ya sa masu tallan lemo suka watse. Ya dawo kamfani fuskarsa a murtuke.

Da farko wanda ya sayar masa da motar ya sha zagi. Kwana uku Muhyiddeen yana zagaye harabar kamfani da waya a kunne, rabi Hausa rabi Turanci, yana cewa an sayar masa da tsohuwa an fesa mata fenti. Mutumin ya rantse bai taɓa jin motar da ba ta cika wata huɗu ba ta cinye birki. Ya ce a kai wa Malam Shu'aibu na Bompai, duk abin da ya faɗa ya yarda.

Malam Shu'aibu tsohon bakanike ne, siriri, tabaransa ɗaure da zare. Ba ya taɓa mota sai 'yar Jamus, kuma ba ya gaggawa. Ya sa aka cire tayoyin duka, ya fara duba wurin tayar gaba. A bayanta akwai faifan birki, wani faffaɗan ƙarfe kamar faranti, wanda ake matsewa mota ta tsaya. Na sabuwar mota fari ne sumul. Wannan kuwa ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina, ya yi layi-layi, gefensa ya yi kaifi. Malam Shu'aibu ya shafa shi da ɗan yatsa, ya sunsuna, ya cire tabarau ya goge.

"Alhaji ƙarami, faifan nan ba lalacewa ya yi ba. Dafa shi aka yi."

"Kamar yaya?"

"Wani yana tuƙa motar nan ƙafarsa a kan birki. Ba sau ɗaya ba. Duka huɗun haka suke. Wa ke jan ta?"

Muhyiddeen ya juya a hankali ya dubi Ya'u. Kanikawan garejin ma suka juyo. Akwai direbobi biyu na wani kamfanin taliya da suka kawo gyara, su ma suka juyo, kuma sun san Ya'u, sun sha jin labarin Hawan Kibo.

"Baba Ya'u?"

Ya'u ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya, kalma uku ta isa. Ya tuna da mayafi har kan hanci a bayan kamfanin robobi. Ya rufe bakin.

"Ni aka ba makulli," ya ce.

Ɗaya daga cikin direbobin taliya ya tuntsire da dariya. "Ashe a Hawan Kibo ma tura ta ake yi!"

Malam Shu'aibu bai yi dariya ba. Ya san Ya'u tun zamanin tirela. Ya ce shi bai gamsu ba, a jira sababbin faifai su zo daga Legas, zai yi gwaji. Da suka zo ya ɗaura, ya ce Ya'u ya ja motar daga Bompai zuwa Challawa, shi da Muhyiddeen za su bi shi a baya suna kallon fitilar birki.

Ya'u ya so ya taka birkin nan da gangan, a gama magana, laifin ya zauna a kansa. Ya yi niyya tun daga ƙofar gareji. Amma ƙafarsa ta ƙi. Ita ma shekara talatin da biyu ta yi tana abu ɗaya. Tun daga nesa yake hango cunkoso ya saki totur, motar ta sulale da kanta. Duk tsawon hanyar nan, da shataletale da 'yan adaidaita da tirelolin Dakata, sau tara kacal fitilar ta kama. Da suka isa, Malam Shu'aibu ya ɗora tafin hannunsa a kan faifan ya bar shi a wurin.

"Ɗumi kawai, kamar goshin jariri. Alhaji ƙarami, ba wannan ƙafar ba ce."

Ya'u ya ji daɗi na daƙiƙa ɗaya. Sai Malam Shu'aibu ya sa hannu a aljihu.

"Kuma ga abin da na tsinta a ƙarƙashin kujerar direba."

Allura ce mai zare kore, da ɗan ƙunshin goro a leda, da ƙaramar kwalbar humra.

Muhyiddeen ya karɓi kwalbar, ya buɗe, ya sunsuna. Da yana da hankalin hanci da ya gane ta, don tun yana goye yake shaƙar ta. Amma ransa ya riga ya tafi wani wuri.

"Mace! Malam Ya'u, mace ka ba motata? Da furfurarka?"

Yau babu Baba.

"Wace ce?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"To ka ji. Ranar Litinin da safe, ko ka kawo min sunanta, ko ka kawo min makullan gidanmu duka, har na motar Umma."

Kafin la'asar labari ya gama Sharada. Mai shayin bakin kamfani ya tambaye shi ko amarya tana shan madara. Maigadi ya ce ashe Baba ana shanawa. Masu cewa ya ƙona birki daban, masu cewa ya ba budurwa ta ƙona daban, kuma Ya'u ya rasa wanne ya fi ciwo. A ransa dai na birkin ya fi.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar da Uwani tana tankaɗe, kafaɗunta suna rawa. Ya zaci kuka take, ashe dariya ce.

"Baban Saudat, an ce ka yi budurwa mai jar mota."

"Ke ma kin yarda?"

"Ni? Mutumin da in zai sayi ɗankwali sai ya tafi da ni in zaɓa? Wace mai tsautsayin ce za ta kwashe ka?" Ta ajiye rariya ta dube shi sosai. "Amma akwai abin da ka haɗiye. Tun sati bakwai kake dawowa ranar Lahadi kana warin ƙonannen ƙarfe, ka ƙi cin abinci."

"Amana ce, Uwani."

"To riƙe ta. In sun kore ka, ai ba a kanmu aka fara cin tuwo ba miya ba." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce, "Zare kore aka ce ko? Kayan 'yan makarantar da ake ɗinkawa a kamfaninku wannan zangon wane launi ne?"

Ya'u ya tashi ya ce zai je masallaci, alhali saura awa guda a kira salla.

Ranar Asabar ya shiga ofishin Hajiya. Tana kan baƙin kekenta, tana taka shi kamar za ta huda ƙasa, kuma babu ko ƙyalle a ƙarƙashin allurar. Ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Na ji abin da yaron nan ya ce. Zai huce. Ubansa ma haka yake."

"Allah ya sa, Hajiya."

"Ka faɗa masa wani abu?"

"A'a."

Ya jira ko za ta ƙara. Keken kawai ke magana. Ya yi sallama ya fita. Bai roƙe ta ba, don a ganinsa wanda ya karɓi amana ba ya komawa ya ce ta yi nauyi.

Litinin da safe ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya haɗa makullai a zobe ɗaya, na jar motar, na motar Hajiya, na get ɗin gida. Lokacin shigar ma'aikata ne, teloli sun cika harabar, kuma babu wanda ya yi saurin shiga ciki. Malam Shu'aibu ma ya zo da tsofaffin faifan guda huɗu a buhu, don Muhyiddeen ya ce a kawo masa. Muhyiddeen yana tsaye a jikin motarsa, ya harɗe hannu.

"Suna ko makulli?"

Ya'u ya miƙa zoben.

"Kawo nan."

Ba Muhyiddeen ne ya faɗa ba. Hajiya ce, ta fito daga ofis, mayafi a kafaɗa. Ta karɓi zoben daga hannun Ya'u, ta zare makullin jar motar ba tare da ta duba ba. Ta tuɓe takalmanta ta miƙa wa ɗanta.

"Riƙe min."

"Umma, me za ki yi?"

"Matsa."

Ta buɗe ƙofa, ta zauna, ta jawo kujera gaba da maɓallin da ko Muhyiddeen sai ya laluba yake samu. Ta yi bisimilla. Injin ya tashi, tantabaru suka tashi. Maigadi ya buɗe get da gudu ba wanda ya sa shi.

Teloli arba'in suka bi ta zuwa bakin titi. Motar ta fita tana gurnani kamar za ta tashi sama, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, fitilun baya jajur. Ta miƙe har ƙarshen layin, ta zagaye wani rami da kyau har wani tela ya ce "Allahu akbar", ta juyo, ta dawo ta tsaya daidai inda Hajiya ta ɗauke ta, ko taki ɗaya ba ta kauce ba. Fitilar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Sai ga warin nan ya taso, ya bi layin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Malam Shu'aibu ya matsa, ya kai hannu kusa da taya, ya janye da sauri yana yarfewa.

"Alhaji ƙarami, ga ƙafar."

Hajiya ta fito. Ta tsaya ba takalmi a kan siminti, ta dubi telolinta.

"Na ce ƙafata ba za ta shiga ba, kun shaida. To ta shiga, har guda biyu. Ku sake shaidawa. Akwai mai magana?"

Wata yarinya a baya ta toshe baki da gyale.

"Lahadi bakwai bawan Allahn nan yana ce min in ɗauke ƙafa. Har bulo ya kawo. Ni na dafa maka faifanka, Muhyiddeen, kuma humrata ce, ka ba ni abata. Wanda ya ƙara cewa Malam Ya'u ya ƙona birki, ko ya yi budurwa, ya zo ya same ni a ofis." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma mutumin da ya share maka majina kake ce wa suna ko makulli? A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka gyara."

Muhyiddeen yana riƙe da takalman uwarsa, ɗaya a kowane hannu. Ya rasa inda zai ajiye su. Haka ya durƙusa da su.

"Baba Ya'u, ka yafe ni."

"Tashi, tashi, wandonka zai yi datti," in ji Ya'u. Sai ya juya wajen Malam Shu'aibu, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, direbobin nan biyu na kamfanin taliya. In sun dawo gareji..."

"Ni da kaina zan je in same su."

Malam Shu'aibu ne ya samo maganin ƙafar. Hajiya ta sayi wata ƙaramar mota fara marar kuloci, mai wurin buhun shinkafa. Ya karɓi fedar wani mataccen keken ɗinki, ya yanke ta, ya ɗaure a gefen hagu inda ƙafa ke hutawa, ya sa mata sifirin. Ba a haɗe take da komai ba. Ƙafar hagu ta sami aikinta, tana ta ɗinki babu zare, dama kuma tana tuƙi. Bayan wata biyu Hajiya ta kai kanta gidan Yaya Hajjo a Challawa. Ya'u yana kujerar baya, don ta ce in ya zauna a gaba za a ce shi ya kai ta.

Ya roƙi ɗaya daga cikin faifan nan huɗu, aka ba shi. Ya kai gida ya tokare ƙofar ɗaki da shi. Labarin Hawan Kibo ya ragu, na faifai ya karɓi wurinsa, kuma duk baƙon da ya zo sai an sa shi ya ɗaga ya ji nauyi.

Shekara uku bayan nan Ya'u ya kwanta, kwana shida, ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Washegari mata suna zaune a tsakar gida, Uwani a tsakiyarsu, sai wani ƙauri ya shigo ta zaure. Wata ta tashi da sauri ta duba tukunya. Ba tukunya ba ce. Uwani ta san warin. Hajiya Atika ce ta tuƙo kanta tun daga Sharada, kuma a ranar ƙafar ta bar fedar Malam Shu'aibu ta koma kan birki, ba ta ɗaga ba har ƙofar gida.

Ta shigo ba takalmi, ta manta su a mota. Ta zauna kusa da Uwani, ta ga faifan a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallonsa.

"Da yana nan da ya ce, Hajiya, ƙafar."

Uwani ta yi dariya, karo na farko tun ranar Alhamis, har sai da ta sa gefen zane ta share ido. Faifan yana nan inda ya ajiye shi. Ya yi tsatsa yanzu, shuɗin ya ɓace, amma ƙofar ba ta rufuwa da kanta.